Waƙar da Ba a Rerawa Sai da Gawa

Samaru, Zariya
9 ga Satumba, 2004

Baban Clara,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya Jos, yaya kwas ɗin naku? Ina fata ba shayi da burodi kaɗai ke riƙe da kai ba, don na san halinka. Mu nan lafiya lau, Clara tana Bomo wurin ƙanwarka kamar yadda muka shirya.

Biza ta fito. Ranar ashirin za mu tashi zuwa Jamus, kai kuma sai ashirin da biyar za ka dawo, ka ga ba za mu haɗu ba. Shi ya sa na zauna in rubuta maka abin da ya hana ni sukuni, don a waya bakina ba zai iya ba.

Ka san yadda Oga Oluwole yake shirya wasa. Ba ya ba mutum takarda ya haddace, sai ya tara mu ya ce kowa ya kawo abin da ya taso ya gani a gidansu. A wannan wasan ni ce matar direban jirgin ƙasa da aka kawo wa gawar mijinta a Sabon Gari. Sati biyu ina kuka a wurin gwaji, yana cewa kukan talabijin ne. Ran nan ya tsayar da ni a gaban kowa, har da ɗaliban da ke leƙe ta katanga, ya ce in iyakata ke nan, Folasade tana nan tana jiran gurbin. Raina ya ɓaci. Ban san lokacin da na buɗe baki na ɗauko waƙar Mama ba.

I, ita fa. Waƙar makokin nan ta yarenmu da Mama take yi a kan mamaci. Ni kaɗai ta koya wa, rabi yau, rabi bayan kwana uku, don kada ta cika a baki babu dalili. Ta sa na yi alkawari ba zan taɓa rera ta duka ba sai da gawa a kwance. To na rera ta duka, a kan Dele, ƙaton mutum mai rai da ya miƙe a tabarma yana danne dariya. Da na gama ba wanda ya yi motsi. Oga ya ce wasan ya samu, kuma ni ma, kada in ɓoye maka, na ji daɗi.

Ranar Lahadi na je Muchia sallama. Mama ta riga ta ji a coci cewa akwai makoki a wasan, ta tambaye ni ido da ido. Na ce mata an nemi in yi, na ƙi. Ƙarya na yi wa uwata, Baban Clara. Ta sa mini albarka, ta ƙulla mini yaji da daddawa, ta rako ni har titi da ƙafafun nan nata da suka kumbura.

Don Allah da ka dawo ka je ka gaya mata gaskiya, ka nema mini gafara. Na san kunyar suruka za ta kama ka, shekara tara ko ruwa ba ka taɓa sha a gabanta ba. Ka daure sau ɗaya saboda ni.

Taka,
Tabitha

Bremen, Jamus
6 ga Oktoba, 2004

Baban Clara,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya gida, yaya kaɗaici, yaya Clara? Ka gaishe mini da ƙanwarka, Allah ya biya ta.

Gari huɗu muka yi cikin sati biyu. Mota, ɗakin kwana, dandali, mota. Ban gama sanin inda ake kunna fitilar ɗaki ba sai a ce a ɗaure kaya. Dankali kam na ci har na gode wa Allah.

Mutanen nan ba sa kallon wasa kamar namu. A Samaru ai kafin a shigo da gawa wata ta ƙwala salati, wani ya zagi kamfanin jirgi, wani ya ce Dele ya tashi ya daina wahalar da matar mutane. Nan kuwa tsit, ko tari sai an nemi wuri. Ranar farko na ɗauka mun faɗi. Ashe sai an gama za su miƙe su yi ta tafi, har sau uku aka dawo da ni gaba. Wata tsohuwa ta kama hannuwana tana hawaye, ko kalma ɗaya ba ta ji ba a waƙar.

Abin da ke damuna ke nan. Kullum na kai rabin waƙar sai in ce a raina yau zan tsaya a nan, wa zai sani? Sai in ji shirun nan nasu yana jana, in ƙarasa. In na fito sai gabana ya yi ta faɗuwa har gobe.

Da muka yi waya ka ce an kwantar da Mama a asibitin Shika, amma da sauƙi. Wane irin sauƙi? Tana cin abinci? Na tambaye ka ko ka isar da saƙona, ka ce ana nan ana duba lokaci. Haba Eric! Wane lokaci? Katin wayata ya ƙare kana ba ni labarin famfo. In ba za ka iya faɗa ba, ka ɗauki wasiƙata ta farko ka karanta mata kana kallon takarda, ba sai ka dubi fuskarta ba.

Ni ce matarka mai jira,
Tabitha

Utrecht, Holand
19 ga Oktoba, 2004

Baban Clara,

Gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, tunda wayarka ta zama sai an yi sa'a.

Wani abu yana faruwa a ƙungiyar nan da ban gane ba. Adaobi, abokiyar ɗakina, wadda ko cokalinta ba ta wankewa, jiya na tarar ta wanke mini kaya ta goge. Dele ya daina tsokanata. Shekaranjiya ina waƙa a kansa sai na ga hawaye na gangara masa cikin kunne, shi da yake gawa! Oga kuma da bai san kalmar sannu ba ya ce in ina so in huta, Folasade ta karɓe ni kwana biyu. Na ce masa ƙafata ƙafar dandali, ban zo Turai hutu ba. In cire ni suke shirin yi, su fito su faɗa.

Ko zama na minti biyar ba na iya yi. Ka je Shika ko ba ka je ba? Ka rubuto ko da layi ɗaya ne.

Tabitha

Utrecht
24 ga Oktoba, 2004

Eric,

Ina gaishe ka, don Mama ba ta koya mini buɗe wasiƙa babu gaisuwa ba. Yaya haƙuri? Ni ya kamata ka fara yi wa wannan tambayar, kwana goma sha ɗaya da suka wuce.

Jiya na kashe maka waya kana magana, yanzu ka saurara. Da na gaji da jiranka, sai na kira matar nan mai teburin waya a bakin layin su Mama, in ce ta aika a dubo mini ko an sallamo ta. Tana jin muryata ta fara yi mini gaisuwar rashi. Ta ɗauka na sani. A tsaye a cikin akwatin waya a gefen titi, kekuna suna wucewa, na ji cewa uwata ta rasu ranar sha uku, an binne ta ranar sha shida.

Na san al'ada ce, ba a gaya wa matafiyi mutuwa sai ya dawo. Ni ma na taya an ɓoye wa wasu. Bukola matar Dele ce ta gaya masa, shi ya gaya wa Oga, suka haɗa baki da kai. Kowa a cikin motarmu ya sani ban da ni. Suna kallona ina kukan wasa, ana yi mini tafi. Ban riƙe su ba, na ga tausayi ne. Kai ma zan yafe maka wannan.

Ɗayan ne ban san yadda zan yi da shi ba. Ka ce sau uku ka je da wasiƙar a aljihu, ka durƙusa, ka gaishe ta, kunya ta hana ka. Na yarda, don na san ka. Laifin ma nawa ne, ni na yi ƙaryar na ɗora maka ɗaukarta. Amma ka san abin da mai wayar ta gaya mini? Wai duk wanda ya je dubiya Shika sai Mama ta ba shi labarina, cewa 'yarta ko don zuwa Turai ba ta sayar da waƙar gidansu ba. Wai ta ce wa matan zumuntar coci kada kowa ya yi mata waƙar, a bar wa Tabitha, ita ce bakinta yake da tsabta. Haka aka binne ta shiru, ita da ta raka rabin matattun Muchia da muryarta. Suna jira in dawo a koma kabari tare.

Na faɗa wa Oga na gama. Folasade ta ɗauki gurbin, ta yi kukan da ta iya. Ranar Alhamis zan sauka Kano.

Ga saƙo, wannan kuma ba na suruka ba ne, ba ka da hujja. Ka je wurin shugabar zumunta ka ce su tara mini matan a gidan Mama ranar Asabar, kafin a je ko'ina. Kada ka yi musu bayani, da bakina zan faɗa. Zan gaya musu na rera ta sau talatin da ɗaya a kan mai rai, kuma na yi wa Mama ƙarya ta tafi da ita. In sun ce in yi mata waƙar, zan yi. In sun ce bakina bai cancanta ba, zan tsaya a kan kabarin uwata in yi shiru.

Kada ka gaya wa Clara ranar zuwana, ba na so ta fara ganina a haka.

Matarka,
Tabitha