Kunnuwan Shanu Bakwai da Na Zana

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu karanta wannan shafi. Don Allah ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don wanda na yanke wa kaina ya fi naku zafi. Ba zan sa sunana ba, sunayen da za ku gani ma duk na sauya su. Takardar nan wani direban lori zan ba ya jefa mini a gidan waya a Ƙauran Namoda, kuma tun yanzu ina tunanin ko zai buɗe ta a hanya. Haka na koma, ban yarda da kowa ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Sabon Birni da Isa. Na yi elementare, shi ya sa aka ɗora mini rubutu a wata 'yar ƙungiya da dattawanmu suka kafa shekara uku da suka wuce. Ba jam'iyya ba ce, ba mu da tuta, ba mai biyanmu ko anini. Mu goma sha ɗaya ne, manoma goma da Bafulatani ɗaya mai suna Juli, wanda rugage suka wakilta. Shugabanmu wani dattijo ne, Malam Tukur. Aikinmu shi ne in shanu sun shiga gona mu riga sanda isa wurin, mu duba ɓarna, mu zaunar da mai gona da mai shanu gindin itace har su yi hannu. Kafin damina kuma mukan bi burtali muna kafa duwatsu, kowa ya san iyakarsa. Wallahi a shekara ukun nan ba a fasa kan kowa ba a yankinmu, kuma ina alfahari da wannan.

Sai aka fara aikin hanyar mota. Dogaran wani mai sarauta, ba zan ce wane ba, suka shiga kama mutane aikin dole, ɗaukar marmara a ka. Har makiyayi sukan fizge daga bayan garkensa, shanu su watse su faɗa gonakin mutane, faɗa ya tashi. Wanda ya ƙi tafiya a ɗaure shi a rana. Malam Tukur ya ce sulhunmu aikin banza ne muddin ana wannan, mu tara bayanin waɗanda aka zalunta mu miƙa wa Di'o, Baturen mulki, in ya zo rangadi. Makiyaya bakwai suka yarda su faɗi abin da aka yi musu, amma suka ce sunansu ba zai hau takarda ba. Juli ne ya kawo dabara. Kowane gidan Fulani yana da yadda yake yanka kunnen shanunsa, wani tsaga biyu a dama, wani a gutsure bakin hagu. Ya ce maimakon suna in zana kunnen saniyar mutum a saman bayaninsa, mu mun san mai shi, wanda ya tsinci littafin kuwa ba zai gane komai ba. Muka yi ta yabon wayonmu. Na zauna na zana kunnuwa bakwai, har da inuwa nake sa musu don son burgewa.

Matata tana da ƙane, Nomau, dogari ne a gidan mai sarautar nan. Kun san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanen matarsa, ya cire maka hula, ya kwashe maka goro, ba halin fushi. Wata rana da hantsi ya zo gaida yayarsa, ya iske ni a zaure ina gyara littafin, ya warce shi yana dariya. Da na tashi na ƙwace, da ban rubuto muku ba. Amma girman kai ya hana ni, na san bai iya boko ba, sai na miƙe ƙafa na ce ya karanta in ya isa, ba sunan kowa a ciki. Ya yi ta buɗa shafi yana dariya, can sai dariyar ta tsaya. Na ga ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu. Ya miƙo mini littafin ya ce, "Kai, mijin Yaya, ashe ka iya zane awa Nasara." Sai bayan ya fita na tuna cewa kafin ya sa jar rigar dogarai, shekara biyar ya yi yana bin masu ƙidayar shanu ruga-ruga, shi ke riƙe kunnen saniya a duba. Ta yaya na manta da wannan? Ko kuwa ban manta ba ne, son a ce na iya ne ya rufe mini ido?

Kwana tara aka yi, aka kwashe mutanen nan bakwai, ba takwas ba, ba shida ba. Aka laƙa musu wani laifi daban. Sun fito bayan mako uku, amma dattijon cikinsu har yau hannunsa na dama ba ya riƙe sanda, saboda igiya.

Muka taru a zauren Malam Tukur, kowa na hararar kowa. Ya tambaye ni ko littafin ya taɓa barin hannuna, na ce yana cikin adakata a kulle tun ranar da na gama. Ƙarya ta farko ke nan. Sai wani ya ce ai ba mai karanta kunnen saniya sai mai saniya, kuma a cikinmu mutum ɗaya ne, shi ne ma ya kawo dabarar. Juli ba ya nan ranar. Na ji iska ta juya ta bar ni, maimakon in yi shiru ma, sai na buɗe baki na ce na gan shi a ƙofar gidan mai sarauta. Gaskiya ne na gan shi, amma na san nono ya kai wa kawunsa da ke ɗaure a ciki, wannan dattijon mai hannu. Wannan rabin na haɗiye. Ina jin kunyar rubuta shi fiye da komai.

Tun daga ranar ba a sake kiran Juli taro ba. Maganar ta kai rugage, danginsa suka daina cin abinci da shi, ana cewa ya sayar da kawunsa. Fulani sun ce ba su ƙara zama da mu, Di'o ya zo ya wuce ba mu kai komai ba. Ga gero ya kusa isa yanka, shanu za su gangaro ta burtali, kuma na ga samarinmu suna wasa gatura. Wa zai riga sanda isa bana?

Ni kuwa ba na barci mai daɗi. Shin wasa ne ya kawo Nomau ranar, ko turo shi aka yi? Wa ya gaya masa da hantsi nake fito da littafin? Matata ce? Ina kallonta tana daka, in ce ba ruwanta, an jima in ce to me ya sa ba ta taɓa tambayata zancen ba? Nomau ya aiko mini goro sau biyu ba dalili, ban ci ba. Malam Tukur kuma yakan tsare ni da ido ya tambayi lafiyar surukaina, abin da bai saba ba.

Shekaran jiya da la'asar Juli ya yi sallama a ƙofata. Ya rame. Ya ce ya roƙi Malam Tukur a tara mu bayan Sallah, kowa ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba ta hannunsa sirrin ya fita ba, shi zai fara. In an rantse duka ba a gano mai shi ba, zai kaɗa shanunsa ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, don ba zai zauna inda ake nuna shi da baki ba. Sannan ya ce, "Amma na hwaɗi ma Malam, kai ba ka rantsuwa. Hannun da yar rubuta kukanmu ba ni son a tuhumce shi. Ni na tsaya maka."

Na ɗebo ruwa na ba shi. Ya sha, ya riƙe ƙwaryar yana kallona, ya daɗe bai ajiye ba. Har yanzu ban san ko yarda ce ba, ko kuwa ya sani ne, ya buɗe mini ƙofa ya ga ko zan bi ta.

In na faɗi gaskiya, na tona ƙanen matata, dogarai za su san inda nake kwana, kuma Fulani za su ce ashe manomi ne ya ci amanarsu, ƙila gaturan nan su yi aiki. In na yi shiru, ba wanda zai sa ni dafa Alƙur'ani, zan zauna a gefe da alƙalamina in rubuta sunayen waɗanda suka rantse, mutumin da ya tsaya mini kuma ya bar ƙasar da aka binne cibiyarsa da sunan maci amana. Saura wata ɗaya Sallah. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?