Takobin Lawwali

Zuwa ga ƙanena Mannir,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka karatu da sanyin Turai. Mu nan Gusau da sauƙi. Inna ta fara cin abinci, Baba kuma ya koma fita masallaci.

Na ji 'yan uwa sun gaya maka a waya cewa yayanmu Lawwali ya yi faɗa da ɓarayin daji har ya sari biyu kafin ya faɗi. Sun faɗi haka don zuciyarka ta yi sanyi, amma ni na ga gara ka ji gaskiya daga bakina.

Tun da ka fara turo masa bidiyon wasan siririn takobin nan na mutanen dā da kake koyo can, ya sa wani maƙeri a Tsafe ya ƙera masa irinsa. Kullum bayan la'asar sai ya jingine waya a jikin rumbu, yana matsawa gaba yana ja da baya, matarsa Amina na yi masa dariya. Baba ya ce masa takobi ba ya tare harsashi. Ya amsa cewa ya sani, amma tun da aka fara tare mutane a hanyar gona, sai yana rataye da shi ƙafarsa ke yarda ta fita gida.

Ranar da abin ya faru, da hantsi suka tafi yankan gero bayan 'Yankuzo, shi da Yakubu mai gyaran famfo da ya rage masa hanya. Masu babura suka tare su. Yakubu ya ce da farko waya kawai suka nema, to Lawwali ya baro tasa a gida. Suna laluben jikinsa suka ga takobin, suka ce ɗan sa-kai ne. Ya rantse musu shi manomi ne, ba su saurara ba, suka harbe shi. Ko zare takobin daga kube bai yi ba. Yakubu ne ya goyo gawarsa har gari.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Baba da kansa ya ce in rubuta maka cewa kwana ne ya ƙare, kuma rabon da ya ga Lawwali cikin walwala kamar watannin nan tun yana saurayi.

Abu ɗaya nake roƙo. Wayarsa na hannun Amina. Bidiyon da ka turo ran da ya rasu yana nan ba ta buɗe ba, ta kasa gogewa kuma. Ka kira lambar Lawwali ka yi mata ta'aziyya da bakinka. Ta ce muryarku iri ɗaya ce, ka yi haƙuri in ta yi shiru.

Inna, Baba, Kawu Arzika na Nahuce da maigidana Yahaya duk suna gaishe ka.

Yayarka,
Maryam