Gayyatar Mumuni

Bobiel, Yamai

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ya haƙuri da rashin ruwa? Allah ya kawo mana damina.

Na ji saƙonki cewa ba za ki taka bikin ɗiyata Balkisa ba sai an gayyaci ƙanenmu Mumuni. Na amince, amma rubuta gayyatar ya gagare ni. Tun da ya koma sayar da abinci a tasha, yana ɗaura zane yana karya murya, ban san da wane suna zan gabatar da shi ga surukai ba. "Ɗan daudu" zagi ne a bakin mutane. Na kai maganar ɗakin malamai, ban ce ƙanena ba ne. Malamin Faransanci ya kawo kalmarsa, ni na kawo ta Ingilishi, malamin tarihi ya ce duk biyun ba namu ba ne. Har aka buga ƙararrawa muna musu.

Ga ɗalibaina kuma, salula ta lalata musu hannu. Jimlar Ingilishi guda sai su datse ta kamar wutsiyar akuya. Ko sojojin da suka karɓi mulki sun fi su tsawon magana.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Mushe Isaka, malamin makaranta

Tawa

Isaka,

Muna lafiya, ban da shanu da ke faɗuwa. Wallahi wasiƙarka ta ba ni haushi. Hatsin da muke ci tun watan azumi, wa kake tsammani yake ɗoro shi a mota? Wanda ka rasa wa suna ne. Kai kuwa kalandar lakkwal, makarantar taku, ka aiko mini.

Shekarun baya kai ka hana shi shiga gidanka, har yau yana jin ciwon abin. In ba daga gidanka kiran ya fito ba, ba zai zo ba, ni ma haka. Ka bar tara malamai a kan ɗan uwarka.

Yayarka, Tabawa

Bobiel, Yamai

Yaya,

Bayan gaisuwa, na cika shafi huɗu na gayyata, gaisuwa kaɗai ta ci biyu. Ina cikin gyara Balkisa ta leƙo ta ce, "Baba, ai na tura mishi mesaj tun jiya." Na ce me ta rubuta. Ta nuna mini: "Baba Mumuni zo bikina asabar." Ba sallama, ba ina gajiya, ba aya! Na fara yi mata faɗa, sai ta nuna mini amsarsa: "Babanki ya sani?"

Yaya, nan take na bar faɗan. Na karɓi salular, na yi ta neman haruffa, yatsana na danna biyu a tare. Abin da na iya haɗawa shi ne, "Ni ne Isaka. Zo." Kada ki faɗa wa ɗalibaina.

Ƙanenki, Isaka

Bobiel, Yamai

Yaya, ina fatan kin sauka Tawa lafiya.

Kin tambaya me ya faru a zaure ranar bikin kafin ki fito. Surukai na zaune Mumuni ya shigo da tukwanensa. Duk jawabin da na shirya ya tsere, na ji bakina ya ce, "Ga ƙanena." Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka tsufa." Na yi kuka gaban mutane, ban ji kunya ba.

Ya ce Juma'a zai dawo, wai miyar gidana ba ta da gishiri.

Isaka