Shanun Tanko da makirfon da na hura

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a ɓoye sunana, masu irin sana'ata a Funtuwa ba mu da yawa. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya zaga, kwanakin nan ba na jin zafin komai, abinci ma turawa kawai nake yi.

Ina da ɗan situdiyo mai ɗaki ɗaya, tallan masu taki da waƙoƙin biki nake ɗauka. Ina da aboki, zan kira shi Tanko, ba sunansa ba ne. Tare muka yi firamare. Ɗan wani ƙauye ne a gefen Malumfashi, kakanninsa Maguzawa ne, shi kuma coci yake zuwa, a can ya koyi kaɗa jita mai lantarki. Manomi ne, masara da dawa da waken suya, amma in ya rungumi jitar nan sai ka rantse bai taɓa riƙe fartanya ba. Burinsa ɗaya ne, ya ɗauki kiɗansa guda takwas ya bar wa 'ya'yansa su ji bayan ransa. Haka yake faɗa kullum, mu yi ta yi masa dariya.

Makirfon da nake aiki da shi mai arha ne, ɗan baƙi mai lotsattsen kai. Ya sha faɗuwa, ya sha aro wajen masu biki, ka manna shi a bakin sifika ka ƙure ƙara ba ruwansa. Tanko ya tsane shi. Ya kalli bidiyo a waya inda ake gwada mai arha da mai tsada a gaban sifikar jita, shi ke nan ya ƙwallafa rai a kan wani da ake kira mai ribon, wai shi ne ke fitar da taushin jita, nawa kuwa sai ka ce ana kankare tukunya. Na ce masa kiɗa a hannu yake ba a ƙarfe ba. Ya ce ni dai ba ni da buri, na saba da na gwanjo. Mun yi cacar baki sosai har muka yi sati biyu ba ma waya. Da kaka ta yi sai na ji ya kai shanun huɗarsa biyu kasuwa. Matarsa, Maman Ladi, ta yi kuka ta gaji, ya ce mata kafin damina Allah zai kawo wasu. Wani ɗan uwansa a Legas ya sayo makirfon ya aiko a mota.

Ranar da ya iso, Tanko ya kawo mini shi a akwatinsa na katako, ya naɗe da zanin matarsa, ya ce in ajiye, jibi za mu fara, ya fita neman motar gida. Ni kuma na ce bari in ji abin da aka sayar da shanu a kansa. Na haɗa waya, sai na yi abin da kowa ke yi, ladan da sanƙira da ɗan siyasa, abin da na yi sau dubu a rayuwata. Na ƙwanƙwasa kansa da yatsa, na kai baki na hura da ƙarfi, fuu fuu. Na ji ɗan ƙas a kunnena. Da na yi magana sai muryata ta fito can nesa kamar daga cikin rijiya. Sai a lokacin na buɗe takardar da ke cikin akwatin. Ashe wani siririn ƙarfe ne a cikinsa, bai kai kaurin takardar cikin kwalin sigari ba, shi ne ke ɗaukar sauti, iskar baki kawai tana tsinka shi. Layin farko na takardar ke nan, kada a hura. Na zauna a ƙasa ina kallonsa.

Na yi niyyar faɗa masa, wallahi na yi. Amma ya zo da sabuwar riga, ya yi aski, ya ɗauro sifikarsa a bayan ɗan acaɓa yana washe baki, sai na fasa. Na kafa mai tsadar a gaban sifika, na zagaya da wayarsa bayan tebur inda ba a jona ta da komai ba. Na kafa ɗan baƙina a gefe na ce na ko-ta-kwana ne, alhali da shi nake ɗauka. Kwana uku muna aiki. Ban taɓa wahala a kan sauti irin ta kwanakin nan ba, tsoro ne ya sa. Ina matsar da ɗan baƙin nan yatsa-yatsa daga tsakiyar sifika zuwa gefe har kaifin ya kwanta, na rataya bargo a bango, na rage nan na ƙara can. Da na kunna masa na farko ya sa hannu ya rufe fuska.

"Ka ji ko? Ka ji abin da nake faɗa maka? Shanuna ba su tafi a banza ba."

Sai ya ce in kunna masa na ɗan baƙin ya ji bambanci. Nan ne abin da ya fi tsaya mini. Na kunna masa wannan kiɗan dai, shi ɗin, na murɗa masa kaifi har ya ɓaci. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce in je in ba masu tallan maganin gargajiya. Ni ma na taya shi dariyar.

Kiɗan ya zaga, daga waya zuwa waya, har Danja da Dandume ana sa shi a biki. Kowa ya tambaya sai Tanko ya ce aikin makirfo ne. Na ce a raina bari abin ya lafa in same shi mu biyu in faɗa masa. Da bazara ya kwanta zazzaɓi, kwana huɗu, aka kira ni ina tsakiyar ɗaukar tallan taki aka ce ya rasu. Na ƙarasa tallan sannan na tafi. Har yau ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Satin da ya wuce Maman Ladi ta zo situdiyo. Yara huɗu ya bar mata da gona, hadari ya fara haɗuwa, maƙwabta sun gama kai taki, ita ba ta da abin huɗa. Ta ce wani mai situdiyo daga Zariya ya ji kiɗan, ya nemo ta har gida, yana son makirfon da aka yi aikin da shi, abin da ya taya zai sayi sa ɗaya, ƙanin mijinta ya yarda ya haɗa da nasa su yi huɗa tare. Ta ce ni na san kan abin, in tsaya mata a cinikin. Na ce to. Ta tashi za ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, da na ƙi abin nan kamar me. Amma in yara suka kunna kiɗan babansu sai in ce ashe ya fi ni gaskiya. Shi ne kawai ke sa in yi barci."

Kafin wani ya ce in gyara, na tambaya a Kaduna da Kano, an ce sai an tura shi waje, wata da watanni, ruwa kuwa ba zai jira ni ba. Kafin wani ya ce in biya, duk kayan situdiyona in aka haɗa ba za su sayi maraƙi ba, babur ma ba ni da shi. Mutumin Zariya zai zo ranar Asabar, kuma mai sana'a ne, zai jona ya gwada. Ko da bai gwada ba, ba zan iya sayar masa da gawa ba, na riga na cuci mutum ɗaya.

To 'yan uwa, in je ƙauyen kafin Asabar in faɗa mata ita kaɗai, ko in fara samun ƙanin mijin? Kuma in na je me zan ce? In na ce ya lalace ne bayan an gama aiki, ta rasa san huɗa amma ta tsira da abin da ke sa ta barci, ni kuma na ƙara ƙarya a kan ƙarya. In na faɗi gaskiya duka, ta rasa sa, ta kuma san shanun nan a banza suka tafi tun ranar farko, da iskar bakina. Akwatin yana nan kan tebur a gabana, har yanzu da zaninta a jiki, ɗan baƙin yana gefensa lafiya ƙalau. Don girman Allah ku faɗa mini wanne zan karɓe mata, gaskiya ko barcinta.