A Bar Mana Katakan da Suka Rage

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sashen Kula da Gine-gine,
Sakatariyar Ƙaramar Hukuma.

Daga:
Direban tasi, ɗan haya a ɗakunan ƙasa,
Dogon benen da ke bayan tashar mota.

Alhamis, 14 ga Agusta.

GAME DA: CIRE TOKARIN RUFI DA MA'AIKATANKA SUKA YI, DA ABIN DA YA SAMI ƘANENA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da ƙorafina kamar haka, kuma ina roƙon a karanta shi kafin Litinin.

1. Gidan da muke haya hawa ɗaya aka gina shi. Bara mai gidan ya ɗora masa hawa biyu a kai, kuma takardar amincewar ofishinka tana manne a bakin ƙofa har yau. Da damina ta sauka rufin kankaren ɗakunanmu ya dare, rodi ya leƙo duk tsatsa, yashi yana zubo mana a kwanon abinci. Mun kawo kuka ofishinka a watan Yuni, aka ce injiniya yana tafe. Mai yiwuwa a ƙafa yake tahowa daga wata ƙasa.

2. Da muka gaji da jira, ƙanena, wanda kafinta ne, ya samo manyan katakai ya tokare rufin da su, a ɗakinsa da kuma ɗakin mahaifiyarmu. Ba ado ba ne, mu ma mun san muni gare su. Amma tun da ya kafa su tsagar ba ta ƙara ba.

3. Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, ma'aikatanka suka iso da mota da guduma, tare da wasu ƙarti masu kulake. Wallahi murna muka yi, mun zaci mai gidan aka zo kamawa. Sai shugabansu ya ce wai katakan ƙari ne a kan gini, ba sa cikin zanen da aka amince da shi, don haka doka ta ce a fitar da su. Hawa biyu na kankare a kanmu doka ba ta gani ba, katako ne ya tsone mata ido.

4. Ƙanena ya rungume katakon tsakiyar ɗakinsa yana roƙonsu su ɗaga kai su dubi rufin. Suka rufe shi da duka. Suka fasa masa baki, suka doke yatsunsa da kulki har ya saki. Ni kuma biyu suka danne ni a tsakar gida, ɗaya ya taka mini wuya da takalmi. Ina kwance ina jin ƙarar guduma. Suka ja katakan waje, suka bar ƙanena a ƙasa yana tofar da jini, rufin ya rufto masa a gadon baya. Da hannu muka tone shi, mu da maƙwabta, ma'aikatanka kuwa suka shige mota da katakan. Likita ya ce ba zai ƙara taka ƙafarsa ba. Yallaɓai, ni na goya yaron nan yana ƙarami, yanzu ga shi na koma goyonsa zuwa banɗaki. Raina yana tafasa, kuma ba zan ɓoye maka ba.

5. Jiya aka liƙa mana sanarwa cewa ranar Litinin, 18 ga wata, za a dawo a cire sauran katakan. Suna ɗakin mahaifiyarmu, wadda ciwon shanyewar jiki ya kwantar. Ba mu da inda za mu kai ta, duk abin da muka mallaka yana asibiti.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi: a janye sanarwar nan, a turo injiniya na gaske, a binciki wanda ya sa hannu a kan ƙarin hawa biyun, a gurfanar da waɗanda suka daki ƙanena, a kuma ɗauki nauyin jinyarsa.

Idan kuwa ofis ya ga lalle sai an cire, ina roƙon ka zo da kanka. Zan sa maka kujera a gefen gadon tsohuwa, ni ma in zauna, sannan ka ba su umarni daga nan.

Allah ya ƙara girma. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Direban tasi, yayan kafinta.
(Sa hannu)