Ban Tsaga Kunnen Shanun Ardo Ba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka. To, yau ni zan faɗa, kai ka saurara.

Gida lafiya. Inna tana fama da gwiwa, amma ba ta fasa zuwa kasuwa ba. Rabi ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Gonar Rumbu ta yi gero bana, ba yabo ba fallasa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san aikina, yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu. Duk saniyar da muka yi wa, sai mu tsaga mata kunne da almakashi, don kowa ya shaida an yi. Watan jiya mun fita wajen Azagor, motarmu ta lalace a hanya. Kwana biyu muna rana, ƙanƙarar akwatin magani ta narke tas. Maganin da ya sha zafi ruwa ne kawai, Baba. Da muka isa rijiya, Ardo Jaɓɓi ya riga ya tara garkensa, wannan dattijon da kake yi wa dillancin shanu. Shef ɗinmu, shugabanmu a wurin aiki, ya ce mu soka allurar haka nan, mu tsaga kunne, mu koma, wai makiyayi bai san bambanci ba. Na mayar da almakashin aljihu. Na gaya wa Ardo gaskiya a gaban kowa.

Yanzu shef ya miƙo mini takardar ajiye aiki, wai in sa hannu in tafi da mutuncina. Wane mutunci? Kawu Sani ya ce in je in ba da haƙuri. Hadiza matata ta ce in sa hannun mu koma Maraɗi, yayanta yana neman mai tsaron shago. Tana da gaskiyarta, yara uku ne a gabanmu. Na yi sati ina juya maganar, har abinci ya daina shiga.

Sai na tuna ka a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Kai ne dillalin da ke buɗe bakin saniya da hannunsa ya nuna wa mai saye haƙoran da suka zube. Sauran dillalai suna maka dariya, ciniki yana wuce ka. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Lokacin da nake lakkol, ina ɗan makaranta, kunyarka nake ji. Ina ce wa abokaina kai ɗan kasuwa ne mai kanti. Warin shanun da ke rigarka shi nake gudu. Ka gane, ko? Na tabbata ka gane. Ka yafe mini.

Ba zan sa hannu ba, Baba. Ba kuma zan ba da haƙuri ba. Me na yi? In na tafi, wa zai hana su tsaga kunnen ƙarya a rijiya ta gaba? Ardo ya yarda da allurata ne don ni ɗanka ne. In suna so in bar aikin, su kore ni da bakinsu, su rubuta dalili kowa ya karanta. Ranar Litinin da safe ina biro, wurin aikina, kan kujerata, almakashina a aljihu. Tsoro ina jinsa, ba zan ɓoye maka ba, amma zan je.

Takardar shef kuwa, na ba Inna. Ta ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Ɗanka mai taurin kai irin naka,
Isufu