Fim ɗin Girgizar Ƙasa da Kika Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raya mana zuri'a. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana yana fama da ginin da ya karɓa a bayan kasuwa, kullum sai ya dawo da siminti har cikin kunne. 'Yan biyuna sun shiga aji na gaba. Baba kuwa jiki da sauƙi, ƙafar ta daina kumbura tun da aka canja masa magani, sai dai yanar idon ta ƙara rufewa, yanzu sai mutum ya yi magana yake gane shi. Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Da zarar kin kira Baba ya ji muryarki hannu yake miƙowa, ni kuwa in koma mai riƙe masa waya a kunne. Maganar da ke cina ba ta faɗuwa a gabansa, shi ya sa na ɗauki biro.

Saƙonki ya iso ta hannun Kawu direba, da maganin ido, da rigar sanyi, da ɗan filas ɗin nan da ake sakawa a jikin talabijin, mai ɗauke da tsohon fim ɗin girgizar ƙasa. Maganin da rigar ko taɓa su Baba bai yi ba, amma filas ɗin sai da ya yini a tafin hannunsa kamar ƙwai. Kin fi ni sanin dalili. A duk shekarun da ya yi yana haska fim a silima, babu wanda ya haska kamarsa. Ya sake ba mu labarin yadda aka jera manyan lasifikoki a ƙarƙashin bencina, shi kuma yana can sama a ɗakin majigi yana leƙe ta 'yar taga, da ƙasa ta fara motsi a allo sai ya murɗa sautin har ƙarshe, bencina su ɗauki rawa. Ranar farko, in ji shi, jama'a suka watse da gudu, washegari masu shara suka tara takalma buhu guda. Na ji labarin nan har na haddace, amma na yi masa dariya kamar yau na fara ji, don aikina ke nan.

Tun da ba ya gani sosai, sai na ɗauko talabijin daga falo na kai ɗakinsa, na ajiye a kan teburin magungunansa. Nakan zauna a kujerar roba kusa da gadon, in riƙa faɗa masa wanda ya shigo, da wadda ta fita cikin fushi, da abin da ya faɗo a kan wa. Kallon farko da muka yi na gaji, na ce masa ni dai a ganina an tara manyan jarumai sun yi wa fim ɗin yawa, kowa sai an ba shi lokacin nuna fuska, mutum ya yi ta hamma ƙasa ba ta ko motsa ba. Ya ɗaure fuska, ya ce me Auta ta sani a harkar fim, in je in duba tukunyata kada ta ƙone. Na haɗiye. Bayan kwana biyu sai ga saƙonki na murya, kina cewa kin sake kallonsa kin ji kunya, an zuba jarumai kowa yana jiran a ɗauki gefen fuskarsa mai kyau, kuma a cikinsu duka girgizar ƙasar ce kaɗai ta iya wasa. Yaya, Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni ce ma na tashi na ba shi ruwa. Yana share hawaye yana cewa Kurciyarsa ke nan, tun tana ƙarama ba a yi mata rufa-rufa. Maganar da na faɗa aka tura ni kicin, ita ce kika faɗa aka ce hikima. Gaskiyar masu iya magana, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Na Baba ma da ya daina gani bai bar halin ba.

Daga ranar ɗakin Baba ya koma majalisa. Duk wanda ya zo duba shi sai an kunna masa fim, sannan a ce in kunna masa muryarki. Maigidana ya ce shi abin da ya ba shi haushi gine-ginen ne, wai da gani kwali ne aka yi wa fenti, don babu benen da zai faɗi ba a ga rodi ko ɗaya ya leƙo ba, kuma duk maginin da ya yi irin wannan aiki ɗauri ya kamace shi. Tela maƙwabcinmu ya ce shi rigar babban jarumin yake ta kallo, mutum ya shiga wuta ya fito, ya shiga ƙura ya fito, amma karin guga na nan a hannun riga, ita kuma jarumar ko gashi ɗaya bai tashi a kanta ba. Goggo ta rufe ido da mayafi ta ce ba kyau a mayar da masifa abin kallo, amma ta cikin mayafin ta kalle shi har ƙarshe, har tana tsine wa mai kuɗin nan da ya ture mata ya shige lifta mai hawa da sauka da mutane a bene. Baba yakan saurari kowa ya gyaɗa kai, sannan ya ce duk sun yi ƙoƙari amma a ji ta bakin Kurciya. Ni ke dafa shayin, ni ke danna wayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa daga ƙarshen saƙonki ya fito. Kin ce ke kam kamar ba shi ne fim ɗin da kika gani kina yarinya ba, don wancan ana zama ba a jima ba ƙasa ke tsagewa, babu wannan dogon surutu na soyayya da rigimar ofis. Baba ya yi wani murmushin da ban san yana da shi ba. Ya ce ai gaskiyarki, ba shi ba ne. Wai duk ranar da zai tafi da ke silima, da yake barci ke ɗauke ki kafin a kai wurin girgizar, sai ya sa almakashi ya yanke surutun daga zaren fim ɗin, ya haɗa bakin da gam, washegari ya mayar da shi yadda yake. Silima cike da mutane, kowa ya sayi tikiti, amma fim ɗin 'yarsa ya yi musu don kada ta rasa wurin da take tafa hannu. Ya ce sai da manaja ya kusa korarsa a kan haka. Kowa a ɗakin ya yi ta mamaki, ni kuwa na tattara kofuna na fita. Kafin in yi wayo an rufe silimar an mayar da ita sito, ban taɓa taka ɗakin majigin nan ba, ba a taɓa yanke ko taƙi ɗaya na wani abu saboda ni ba. Na tsaya a bakin famfo ina wanke kofin da na riga na wanke. Kishi nake yi da ke, Yaya, na faɗa miki ba tare da kwana-kwana ba, kishi irin wanda ban yi ba ko muna yara.

Tun da kowa ya faɗi ra'ayinsa, bari ni ma in faɗa miki nawa na gaskiya, wanda ban faɗa a ɗakin ba. Ba yawan jarumai ne laifin fim ɗin ba, kuma ba kwali ba ne. Akwai wata mata a wurin da asibiti ya rufta, mai shara ce da alama, ta ɗora kan wani tsoho a cinyarta tana kare masa ƙura da bakin zanenta. Duk lokacin da aka nuno wurin tana nan a gefen allo, ba ta gusa ba. Can sai jarumin ya diro da igiya, ya ɗauke tsohon, kiɗa ya tashi, tsohon ya kama hannunsa yana sa masa albarka. Matar ko waiwayarta ba a yi ba. Na tsayar da fim ɗin a wurin jerin sunaye na duba har ƙasa, ban ga inda aka ambace ta ba. Ni wannan ne ya ɓata mini shi, kuma na san kin gane abin da nake nufi.

Shekaranjiya da la'asar muka sake kallo, daga ni sai shi. Na shafa masa magani a ƙafa, na gyara masa filo, na zauna ina ba shi labarin abin da ke allo. Da aka zo daf da girgizar ya ce in ƙara sauti har ƙarshe. Na ƙara, kwalaben magani suka fara kaɗawa a kan tebur. Sai ya laluba ya kama hannuna ya riƙe gam, fuskarsa ta yi haske, ya ce, "Kurciya, kada ki yi barci, ga wurinki nan ya zo." Ba wasa yake yi ba, Yaya. Na buɗe baki in ce masa Auta ce, sai na ga yadda yake murna, na kasa. Na ce, "Na'am Baba, idona biyu." Har na tafa masa hannu, yadda ya ce kina yi. Da fim ya ƙare ya yi barcinsa cikin daɗi, da ya farka kuma ya ƙwala wa Auta kira ta kawo masa ruwan alwala, yana ba ni labarin wai yau ya ji kamar Kurciya na kusa da shi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ba magani nake roƙo ba, ba riga ba, kuma don Allah kada ki ƙara aiko wani fim. Zumunta a ƙafa take. Ki nemi hutu ki zo, ko na mako ɗaya ne, ki zauna a kujerar robar nan ki riƙe masa hannu da kanki tun yana iya bambance muryoyinmu. In kina ɗakin dole ya san wace ce ke, ya san wace ce ni. Ban ce ya yanke mini fim ba, wannan ya wuce. So nake sau ɗaya ya kama hannuna alhali ya san nawa ne.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan Babba da 'Yar Lele, ki ce musu Inna Auta tana kewarsu. Goggo tana gaishe ki, ta ce ki daina aiko abin da ke hana ta barci. Kawu direba da Tela da maigidana da 'yan biyu duk suna miƙa gaisuwa. Baba bai san na rubuto ba, da ya sani da tasa gaisuwar ta cinye takardar. Allah ya sada mu da alheri, ya kawo ki lafiya.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Auta, mai amsa miki sunanki kafin ki zo ki karɓa.